Tarihin Kalmomin Koyon Sana'a da Ilimin Fasaha a Ƙasar Gwandu

Kalmomin koyon sana'a su ne keɓaɓɓun sunayen da mai koyarwa da mai koyo suke amfani da su wajen ambaton kayan aiki, da matakan aiki, da matsayin wanda yake koyo, da kuma shaidar da ake ba shi idan ya ƙware. A Diggi, da ke ƙaramar hukumar Kalgo ta Jihar Kebbi, da sauran garuruwan masarautar Gwandu, waɗannan kalmomi sun taru ne zamani bayan zamani, ta yadda ake jin Hausa tsantsa da aron Larabci da na Ingilishi a bakin ma'aikaci ɗaya.

Mafi daɗewa su ne kalmomin sana'o'in gado, wato waɗanda ɗa yake koya a gaban mahaifinsa ko wani dattijon gidansu, kuma a nan ne harshen ya fi wadata. Maƙeri yana da uwar maƙera, dunƙulen ƙarfen da ake dukan aiki a kai, da masaba ta duka, da awartaki na kama ƙarfe mai zafi, da zugazugi na hura gawayi, sannan an raba maƙeran baƙi, masu garma da fartanya da lauje, da maƙeran fari, masu aikin azurfa da tagulla. Majemi yana jima da bagaruwa kafin fata ta isa hannun baduku, marini yana haɗa baba da toka a karofi, masassaƙi yana fafe turmi da gizago, magini kuwa yana ɗora tubali ya rufa da azara. Kowace sana'a tana da shugabanta, kamar Sarkin Maƙera, ko Sarkin Ruwa a wajen Sarkawa masunta, wanda yake sasanta rigima tsakanin 'yan sana'a. Kalmar sana'a kanta aro ce daga Larabci, kuma shugabannin jihadi sun ɗauki al'amarin da muhimmanci, domin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya lissafa kula da masu sana'a cikin wajiban shugaba a littafinsa Usulus Siyasa.

Bayan zuwan Turawa a 1903 koyon sana'a ya shiga aji. Makarantar da Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe a Nassarawa ta Kano a 1909 tana da sashen aikin hannu, sai dai mafi yawan sababbin kalmomi ba daga makaranta suka fito ba, daga ma'aikatar ayyuka da jirgin ƙasa da garejin motoci suka bazu. Ma'aikata marasa boko ne suka lanƙwasa su bisa tsarin sautin Hausa, aka sami kafinta da birkila da tela da sifana da kabireta da walda, har aka gina kanikanci da kafintanci a kan awon dukanci. A karin harshen yamma, wanda mutanen Gwandu suke magana da shi, kafinta yakan koma kahinta. Mai shago ya zama oga, kalmar da ta shigo daga Yarbanci, mai koyo ya zama yaron shago, sallamarsa bayan ƙwarewa kuma aka kira ta yaye. Wannan aro ya zauna daram saboda masu riƙe da kayan aikin su ne suka yi shi.

Kalmomin hukuma sun bi wata hanya dabam. An kafa Asusun Horar da Ma'aikatan Masana'antu a 1971, da Hukumar Kula da Ilimin Fasaha ta Ƙasa, mai hedikwata a Kaduna, a 1977, shekarar da aka fitar da Manufar Ilimi ta Ƙasa, sannan Hukumar Samar da Aikin Yi ta zo a 1986 da shirin tura matasa koyon aiki wajen masu shaguna. Cikin kalmomin hukuma akwai difloma ta ƙasa da babbar difloma, waɗanda ake bayarwa a makarantu irin Kwalejin Fasaha ta Tarayya ta Waziri Umaru da ke Birnin Kebbi, ga kuma gwajin sana'a na Ma'aikatar Ƙwadago, mai daraja uku da ake hawa daga ta uku zuwa ta ɗaya. Kafofin watsa labarai sun ɗauko fasaha, wadda asalinta a Larabci iya magana ne, suka ɗora mata ma'anar ilimin ƙere-ƙere. Masana sun yi yunƙurin daidaita kalmomi, tun daga Hukumar Harshen Hausa ta 1955 zuwa ƙamusun keɓaɓɓun kalmomi da Farfesa Dalhatu Muhammad ya shirya a 1990, amma wannan ƙamus nazarin harshe da adabi ya fuskanta.

Sakamakon haka shi ne manhaja da jarrabawa sun ci gaba da zama cikin Ingilishi, alhali aikin kansa da Hausa ake koyar da shi a shago, don haka matashin da yake iya kwance injin ban ruwa ya mayar da shi yakan rasa takardar shaida saboda harshe kawai. Wannan asara ce da za a iya magancewa. Ya kamata sassan nazarin Hausa da kwalejojin fasaha na Kebbi su tattara kalmomin nan daga bakin maƙera da kanikawa da magina, tun dattawan da suka san tsofaffin sunayen suna raye, a buga su, a kuma yarda a yi gwajin sana'a da su.