Harakeke: Tsiron da Ya Sa Aka Sace Mutum Biyu

A ƙasar Niyuzilan akwai wani tsiro mai suna harakeke a bakin 'yan ƙasa, wato Maori, masana kuwa suna kiransa Phormium tenax. Yana son fadama da bakin ruwa. Ganyensa dogo ne kamar takobi, yakan kai tsawon mita 3, cikinsa kuma akwai zare mai ƙarfin gaske. Tun kaka da kakanni matan Maori ke kankare ganyen da ƙumba su fitar da zaren nan da suke kira muka. Da shi ake saƙa mayafai, a tufka igiya. Ganyen kuma a yi kwando da tabarma da taru. Har ƙa'idar yanka gare su: ba a taɓa tohon tsakiya da ganyaye biyu da ke rungume da shi, domin su ne ɗa da iyayensa. Na waje kawai ake yanka.

Bayan zuwan Kyaftin James Cook a 1769, labarin zaren ya kai Ingila, inda rundunar jiragen ruwa ke matuƙar buƙatar igiya. Wannan na cikin dalilan da suka sa Turawan Ingila suka kafa zango a tsibirin Norfolk a 1788, domin tsiron yana fitowa a can. Sai dai fursunonin da aka kai ba su san yadda ake fitar da zaren ba. Saboda haka a 1793 aka sace wasu samari biyu, Tuki da Huru, aka kai su tsibirin don su koyar. Rashin sani ya fi dare duhu: ashe sana'ar ta mata ce, abin da samarin suka sani kaɗan ne ƙwarai. Kafin shekarar ta ƙare, shugaban tsibirin, Philip King, ya mayar da su gida da kansa.

Amma kwaɗayin zaren bai kwanta ba. Daga 1820 zuwa bayan 1830 fatake daga Sidni suka riƙa karɓar zare suna ba da bindigogi, al'ummar da ba ta da bindiga kuwa ta zama abin farauta ga maƙwabtanta. Ta haka tsiron da ya tufatar da Maori ya zama kuɗin sayen makaman da suka hallaka dubbansu.