Yadda Kumbon Voyager 2 Ya Kai Duniyar Neftun

A shekarar 1965 wani ɗalibi mai suna Gary Flandro yana aikin lissafi a cibiyar JPL ta hukumar NASA da ke Kalifoniya, sai ya gano cewa a ƙarshen shekarun 1970 manyan duniyoyi huɗu, Jupita da Satun da Yuranus da Neftun, za su jeru a ɓangare guda na rana. Irin wannan jeri sai bayan kimanin shekara 175 yake maimaituwa. Amfaninsa shi ne, kumbo zai iya kusantar kowace duniya, ƙarfin janta ya wulwula shi kamar dutse a majajjawa, ya cilla shi zuwa ta gaba ba tare da ya sha mai sosai ba. Tafiya zuwa Neftun da za ta ci shekara 30 sai ta dawo 12.

Amma kuɗi ya hana. Gwamnatin Amurka ta yi watsi da babban shirin ziyartar duniyoyin huɗu, ta amince da ƙaramin aiki na ziyartar Jupita da Satun kawai. Injiniyoyin dai ba su fid da rai ba: sun zaɓa wa kumbon Voyager 2 hanyar da, in komai ya tafi daidai, za ta zarce da shi zuwa Yuranus da Neftun. A ganina wannan dabara ce ta ceci aikin, fiye da kowace na'ura da aka ɗora masa.

An harba shi ranar 20 ga Agusta, 1977. Tun a 1978 babbar na'urar karɓar saƙonsa ta mutu, ya koma kan ta ajiya, wadda ita ma tana da lahani. Bayan ya wuce Satun a 1981, sai abin da ke juya kyamarorinsa ya cije. Daga nan ƙasa aka riƙa yi masa magani, ana sake rubuta umarnin kwamfutarsa, domin hasken rana a Neftun ya yi rauni ƙwarai, hoto sai an daɗe ana ɗauka.

Ya wuce Yuranus a Janairun 1986. Ranar 25 ga Agusta, 1989, ya ratsa kusan kilomita 5,000 daga saman gajimaren Neftun, saƙonsa yana ɗaukar fiye da awa huɗu kafin ya iso. Ya gano sababbin watanni shida, da wata ƙatuwar guguwa mai duhu, da tsartuwar iskar gas daga ƙanƙarar watan Triton. Har yau babu wani kumbon da ya sake zuwa can.