Wa Ya Faɗa? Kafa Hujja a Tarihin Hausawan Sudan

Bayan da Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya nausa gabas da sauran jama'a, har suka kafa garin Maiurno a bakin Shuɗin Nilu, kusa da Sennar. Wasu kuma neman aikin auduga ne ya zaunar da su a ƙauyukan Jazira daga 1925.

Ɗalibin da zai rubuta wannan tarihi, kalma guda za ta fara ba shi wahala: Fallata. Larabawan Sudan da takardun Turawa sukan kira Bahaushe da Bafulatani da Babarbare duka da wannan suna. Saboda haka rubuta "masana sun ce" bai wadatar ba. A faɗi wane masani, wace shekara, wane shafi, kuma su wa yake nufi. Littafin Mark Duffield na 1981 Maiurno ya nazarta, inda Fulani suka fi yawa. Na Al-Amin Abu-Manga na 1999 kuwa, Hausar Sudan ya duba, da yadda Larabci ya shige ta. In daga bakin dattijo aka ji, a rubuta ƙauyensa da ranar hirar, da harshen da aka yi ta.