Gadar Kwazazzabon Awaki: Daga Hamadar Kalifoniya Zuwa Teburin Masu Samfuri

A ƙarni na 19 layin dogo ya riƙa cin ƙasa a Amurka da saurin da ginin dutse ba zai iya bi ba. Ƙarfe na da tsada, magina kaɗan ne, amma itace ga shi nan birjik. Don haka in hanya ta ci karo da kwazazzabo, sai injiniyoyi su kafa jerin ginshiƙan katako, su ɗaure su da tokare a gicciye, hawa bisa hawa, su shimfiɗa dogo a sama. A 1862, lokacin yaƙin basasa, injiniya Herman Haupt ya sa sojoji suka gina irin wannan gada a kan rafin Potomac cikin kwana tara. Da Shugaba Lincoln ya gan ta, sai ya kwatanta ta da abin da aka haɗa da sandunan wake da karan masara, ga shi kuma jirage masu nauyi na bi ta kanta.

Galibin waɗannan gadoji na wucin gadi ne. Tartsatsin kan jirgi kan cinna masu wuta, damina ta ruɓar da su, kuma da kamfani ya samu kuɗi sai ya cike kwarin da ƙasa ko ya kawo ƙarfe. Shi ya sa abin da ya faru a kudancin Kalifoniya ya zama na daban: can an koma ga katako bayan zamaninsa ya wuce.

Attajirin nan John D. Spreckels ne ya ɗauki nauyin layin da zai haɗa San Diego da gabas. An soma aiki a 1907, ba a gama ba sai 1919. Layin ya ratsa ta cikin Meziko ya dawo, sannan ya kutsa kwarin Carrizo, inda zafi da duwatsu suka sa mutane suka yi masa laƙabi da layin da ba zai yiwu ba. A 1932 ɗaya daga cikin ramukan da aka fasa ƙarƙashin dutse ya rufta. Maimakon a sake haƙa, sai aka zagaya da hanyar ta kan wani kwazazzabo da ake kira na Awaki, aka kammala gada a 1933. Da jan itacen Kalifoniya aka yi ta, domin rana a wurin na ƙuna, dare kuma na da sanyi, ƙarfe ba zai jure miƙewa da tsukewa kullum ba. Tsayinta ya kai kimanin mita 57, tsawonta ya haura mita 180, kuma a lanƙwashe take.

Duk wannan lokaci, wani tarihin na tafiya a cikin gidaje. Ƙananan jiragen farko kayan wasan yaran masu hali ne. A Ingila an yi wasu masu tururi da ke gudu a tsakar ɗaki ba dogo, suna ɗigar da ruwa a kan darduma. Sauyi ya zo a 1891, sa'ad da kamfanin Märklin na Jamus ya nuna jirgi da dogo masu ƙayyadadden faɗi a kasuwar baje kolin Leipzig, ta yadda taragon da aka saya bana zai hau dogon bara. A 1900 aka kafa Lionel a Amurka, lantarki ya soma maye gurbin makullin da ake murɗawa don jirgi ya yi tafiya.

Manya ne suka raba abin da wasa. Sun ce bai isa jirgi ya yi gudu kawai ba, sai kowane sashe nasa ya yi daidai da na gaske bisa lissafi. Mujallar Model Railroader ta fito a 1934, shekara ɗaya bayan haka masu wannan sha'awa suka kafa ƙungiyarsu ta ƙasa a Milwaukee, suka tsara ƙa'idojin awo. Ma'aunin da ya fi karɓuwa shi ne HO: kashi 1 cikin 87, faɗin dogo milimita 16.5. Ƙafa ɗaya ta gaske takan koma milimita 3.5, wanda ya sa gari guda da tasharsa ke iya shiga ɗaki.

A nan gadar katako ta samu gata. Kan jirgi galibi sai an saya daga masana'anta, amma gada mutum zai iya yi da hannunsa, da kayan da aka yi ta asali, kuma bisa tsari iri ɗaya. Mai aikin yakan nemi zanen injiniyoyi da tsofaffin hotuna, ya raba kowane awo gida 87. Gungumen da kaurinsa ƙafa ɗaya ne ya koma siririn tsinke. Yakan rina katakon tun kafin ya shafa gam, domin inda gam ya taɓa rini ba ya kamawa. Sai ya ƙera ƙwarangwal guda a kan allo wanda zai riƙa jera tsinkayen a ciki, don kowane jerin ginshiƙai ya fito da karkata iri ɗaya: na tsakiya a tsaye, na gefe a buɗe ta ƙasa. Da yawa sukan haɗa gadar a kife, shimfiɗar dogo a ƙasa, ƙafafu a sama, sannan su gina kwarin ya tarar da ƙafafun. In gadar mai lanƙwasa ce, kowane jeri sai an ɗan juya shi, kuskuren milimita ɗaya kuwa na iya kayar da tarago.

Wanda ya ɗaga darajar wannan sana'a shi ne John Allen, mai ɗaukar hoto a Monterey. A gidansa ya gina duwatsu tun daga daɓe har kusa da rufi, da gadoji a tsakaninsu, ya kuma yaɗa dabarar sa wa samfuri tsatsa da baƙin hayaƙi don ya yi kama da abin da ya ga jiya ya ga yau. Ya rasu a Janairun 1973, bayan 'yan kwanaki gobara ta cinye aikin. Hotunansa ne suka ci gaba da koyar da na baya.

Ita kuwa gadar Kwazazzabon Awaki, jiragen fasinja sun daina bin layinta a 1951, guguwar Kathleen ta yi wa hanyar ɓarna a 1976, kuma yau an daɗe jirgi bai ratsa ta ba. Tana tsaye a cikin hamada, isa gare ta sai da doguwar tafiya a ƙafa. Amma a gidan adana samfuran jiragen ƙasa na San Diego, wanda aka buɗe a dandalin Balboa a 1982, 'yan ƙungiyoyin sa-kai sun gina kwarin Carrizo da gadarsa a ma'aunin HO, kuma su ke kula da shi. Da yawa daga cikin mutanen da suka taɓa ganin jirgi na haye wannan gada, a wannan zaure suka gan shi.