Jinin Haila a Fasahar Zamani

Wannan wani reshe ne na fasahar da ke fifita saƙo a kan kyan zane, inda ake aiki da abin da ke fita daga jikin ɗan'adam don a tilasta wa jama'a duban abin da suke kau da kai daga gare shi.

Tushensa Turai ne da Amurka. A 1946 Bafaranshe Marcel Duchamp ya ba Maria Martins, 'yar Brazil mai sassaƙa, wani ɗan ƙaramin zane, sai a 1989 gwaji ya nuna da maniyyi aka yi shi. Wannan dai sirri ne tsakanin mutum biyu. Mata ne suka fito da lamarin fili. A 1971 Judy Chicago ta buga hoton hannun mace yana zare audugar da ta jiƙe da jini. A 1972, ita da Miriam Schapiro da ɗalibansu suka mayar da wani tsohon gida a Los Angeles wurin baje koli mai suna Womanhouse. A ciki akwai banɗaki fari fat, kwandon shararsa ya cika ya batse da ƙunzugu jajaye.

Aikin da ya fi nauyi daga Afirka ta Kudu ya fito. Isilumo siyaluma, na Zanele Muholi, da aka nuna a Cape Town a 2011, zane-zane ne masu kama da furanni, an tsara su da jinin haila don tunawa da matan da aka yi wa fyaɗe ko aka kashe bisa zargin maɗigo. A nan jinin shaida ne a kan zalunci, ba neman suna ba.

A kafofin sada zumunta kuwa, a 2015 Instagram ya cire hoton Rupi Kaur har sau biyu, tana kwance da ɗigon jini a wandonta, kafin ya mayar da shi.

A garuruwanmu kuwa, irin su Dosara, Talata Mafara, Bakura da Maradun, da wuya irin wannan aiki ya samu masauki: jinin haila najasa ne a fiƙihun Malikiyya, ga kuma kunya. Sai dai malamai sun daɗe suna karantar da hukuncin haila dalla-dalla a littattafan Ahalari da Risala. Inda ake yin shiru shi ne cikin gida, inda yarinya kan ga jininta na farko ba wanda ya taɓa yi mata bayani.