Gotham: Yadda Ruɓewar Birni Ta Haifi Batman

Mujallar Detective Comics, fitowa ta 27 mai ɗauke da kwanan watan Mayun 1939, ita ce ta kawo labarin Batman na farko, shafi shida kacal. Labarin ya buɗe ne a gidan Kwamishinan 'Yan Sanda Gordon, yana hira da wani matashin attajiri abokinsa mai suna Bruce Wayne, wanda shi ne Batman a ɓoye, sai aka bugo waya cewa an kashe wani mai masana'antar sinadarai. A lokacin babu Robin, babu Alfred, babu Joker, birnin ma ba a raɗa masa suna Gotham ba tukuna. Ɗan sandan nan kaɗai ne ya zo duniya rana guda da jarumin. Shekara 75 bayan haka, ranar 22 ga Satumban 2014, tashar Fox ta Amurka ta fara nuna shiri mai dogon zango mai suna Gotham, wanda ya ajiye Batman gefe ya sa Gordon a gaba yana matashin jami'in bincike, Bruce kuwa yaro ne da aka kashe iyayensa a kan idonsa. Masoya da yawa sun yi ƙorafin an ba su labarin Batman babu Batman. Amma tarihin mujallun kansa yana bayan shirin. Tun haihuwarsa Batman ɗan labarin laifi ne, kuma babbar tambaya game da asalinsa ita ce wadda aka daɗe ana hana marubuta yi: ina hukuma take, har mutum guda ya rufe fuska ya ɗauki aikinta?

Mujallar da ta haife shi ta soma fita a watan Maris na 1937, kuma labaran masu binciken laifi ne cike da ita. Daga sunanta kamfanin DC ya samo nasa. Amurkar wancan zamani ba ta daɗe da fita daga dokar haramta giya ta 1920 zuwa 1933 ba, dokar da ta azurta gungun masu laifi har suka riƙa sayen 'yan sanda da alƙalai. An ɗaure Al Capone na Chicago a 1931 a kan ƙin biyan haraji, mai gabatar da ƙara Thomas Dewey kuma ya kai Lucky Luciano gidan yari a New York a 1936. Jaridu na ɗauke da zanen Dick Tracy tun 1931, a shekarar da aka soma buga mujallar The Shadow, mai farautar masu laifi cikin dare. Da Superman ya fito a 1938 ya yi kasuwa, sai kamfanin ya nemi wani jarumin, mai zane Bob Kane da marubuci Bill Finger suka haɗa Batman, Finger kuwa daga wani labarin The Shadow ya aro ƙashin bayan labarin farko. Asalin jarumin bai zo ba sai a fitowa ta 33, a Nuwamban 1939, cikin shafi biyu: ɗan fashi ya tare Thomas Wayne da matarsa Martha sun fito daga sinima, ya harbe su, maraya ya yi rantsuwar yaƙar masu laifi, ya girma yana horar da jikinsa da ƙwaƙwalwarsa, jemage ya shigo ta taga. Sai a 1948 aka ba makashin suna, Joe Chill. A shafukan nan biyu babu inda aka ce uffan game da binciken da 'yan sanda suka yi ko suka ƙi yi.

Wannan shiru ya zama doka a 1954. A shekarar ne likitan ƙwaƙwalwa Fredric Wertham ya wallafa littafinsa Seduction of the Innocent, yana ɗora wa mujallun zane alhakin lalacewar yara, wani kwamitin majalisar dattawa kuma ya zauna a New York cikin watan Afrilu yana sauraron shaidu a kan batun. Mawallafa suka ji tsoron gwamnati ta sa musu hannu, sai suka kafa hukumar tace tasu ta kansu, Comics Code Authority, wadda hatiminta ya zama sharaɗin shiga kasuwa, domin a lokacin yawancin dillalai ba sa karɓar mujallar da ba ta ɗauke da shi. Ƙa'idojin sun hana nuna ɗan sanda ko alƙali ko jami'in gwamnati ta hanyar da za ta jawo wa hukuma raini, sun hana a sa mai karatu ya tausaya wa mai laifi, sun kuma wajabta nagarta ta yi rinjaye a kowane labari. Gaskiya ne an soma tausasa Batman tun kafin nan: yaron mataimakinsa Robin ya zo a 1940, editoci suka raba jarumin da bindiga, a 1941 kuma Gordon ya ba shi matsayin girmamawa a rundunar 'yan sanda. Amma ƙa'idojin 1954 su ne suka toshe hanyar komawa. Suka bar marubuta da matsalar da ba ta da mafita, domin idan 'yan sandan birni duka masu gaskiya ne kuma sun iya aikinsu, mai alkyabbar jemage ba shi da abin yi. Abin da ya rage shi ne a mai da su mutanen kirki marasa kataɓus. Batman ya koma yaƙar dodanni da baƙi daga wasu duniyoyi, a shirin talabijin na 1966 zuwa 1968 kuwa, wanda Adam West ya fito a matsayin jarumin, aikin Kwamishina Gordon bai wuce ɗaga jar waya ya kira taimako ba.

Abin da ya buɗe ƙofar ya faru ne a waje da mujallu. A 1970 aka kafa Kwamitin Knapp a New York, bayan ɗan sanda Frank Serpico da abokin aikinsa sun fallasa yadda jami'ai ke karɓar na goro a kai a kai daga gidajen caca da dillalan ƙwaya. A 1971 aka sassauta ƙa'idojin tacewa, har aka yarda a nuna gurɓataccen jami'i muddin zai girbi abin da ya shuka. Marubuci Dennis O'Neil ya dawo da Batman cikin duhu, a 1976 kuma ya mai da wurin kisan iyayensa wata unguwa da a da ta masu hali ce, ta lalace ta zama matattarar laifi. Sai 1987, lokacin da Frank Miller da David Mazzucchelli suka fitar da Batman: Year One cikin fitowa huɗu. Kusan rabin labarin da bakin Gordon ake ba da shi, baƙon laftanar da ya tarar abokin aikinsa Flass ɗan cin hanci ne, Kwamishina Loeb kuma yana cin tuwo a akushi ɗaya da uban mafiya Carmine Falcone. Daga ƙarshen 2002 zuwa 2006 Ed Brubaker da Greg Rucka da Michael Lark suka ƙara matsawa da Gotham Central, fitowa 40 a kan talakawan jami'an bincike da ke aiki a inuwar Batman.

A kan wannan tubali Bruno Heller, wanda ya yi Rome da The Mentalist, ya gina Gotham, kuma kashi na farko ya isa a gane inda ya dosa. Gordon, wanda Ben McKenzie ya fito a matsayinsa, ya yi wa maraya alkawarin kamo makashin iyayensa. Shi da abokin aikinsa Harvey Bullock suka bi sawu zuwa wani tsohon mai laifi, Mario Pepper, aka harbe shi, jaridu suka yi ta yabo, aka rufe fayil. Daga baya Gordon ya gano ɗora wa mutumin aka yi, da sanin mafiya da wasu na cikin rundunar. Domin a tabbatar ya shiga sahu, Falcone ya ba da umarni ya kashe wanda ya tona asirin, Oswald Cobblepot, yaron da ke riƙe wa uwar daba Fish Mooney lema. Gordon ya kai shi bakin ruwa, ya harba bindiga kusa da kunnensa, ya tura shi ciki da rai. Wannan tausayi ne ya bar wa birnin Penguin, mugun da Cobblepot zai zama. Haka shirin ya bi sauran. Edward Nygma, wanda zai zama Riddler, ma'aikacin binciken kimiyya ne a ofishin 'yan sanda, abokan aiki na yi masa dariya. Selina Kyle yarinya ce mai kwana a titi. Kwamishina Loeb yana ajiye fayilolin laifin jami'ansa yana juya su da su. A zango na uku jama'a da ƙuri'unsu suka zaɓi Penguin magajin gari, a na huɗu kuma ya shiga raba lasisin aikata laifi, 'yan sanda suna kallon kati su kau da kai. Hatta kamfanin gidan Wayne da ɓarayi a majalisar gudanarwarsa.

Suka mafi nauyi da aka yi wa shirin ita ce ya juya tarihin baibai. Akwai daɗaɗɗen ra'ayi cewa bayyanar Batman ce ta jawo miyagu masu rufe fuska, kowa na neman ya fi shi ban tsoro. Da wannan tunani fim ɗin Batman Begins na 2005 ya rufe. Idan Penguin da Riddler da Mista Freeze sun riga sun cika gari Bruce yana ɗan makaranta, masu sukar suka ce, an raba jarumin da alhakin da ke sa labarinsa zurfi. Maganar tana da ƙarfi, sai dai ra'ayin da take karewa yana wanke hukuma, domin yana nuna birni lafiyayye ne har wani attajiri ya zo ya tsokano masa bala'i. Ko Year One bai yarda da haka ba. Gotham ya ɗauki matsayin da ya fi dacewa da hankali: mutum mai cikakken tunani ba ya sa kayan jemage ya hau rufin gidaje sai ya ga kotu da caji ofis da fadar magajin gari duk sun kasa, ya gani kuma shekara da shekaru.

Suka ta biyu kuwa dole a amince da mafi yawanta. Shirin bai tsaya a kan turbar da ya ɗauka ba. Tun zango na biyu Farfesa Hugo Strange ya fara ta da matattu a ɗakin gwaji da ke ƙarƙashin asibitin mahaukata na Arkham, labarin bincike ya ja baya, wasa da ƙazamin zubar da jini suka cakuɗe. Masu kallo a Amurka sun sauko daga sama da miliyan 8 a daren farko zuwa kusan miliyan 2 a ƙarshe. Ana iya cewa sauyawar mulkin gari daga hannun tsofaffin 'yan mafiya zuwa hannun mahaukatan miyagu tsohon jigo ne, shi Jeph Loeb da Tim Sale suka bi a The Long Halloween na 1996 zuwa 1997. Inda shirin ya yi rauni na gaske shi ne shigo da Court of Owls, ƙungiyar asiri ta masu kuɗi da ke juya birnin daga ɓoye. Da zarar an ce wasu 'yan tsiraru masu fuskar mujiya ne ummul'aba'isin komai, ɗan sandan da ya karɓi ambulan ya sami uzuri, alhali ƙarfin zango na farko shi ne nuna cewa ruɓewar aikin hannun mutane da yawa ce, kowa da ɗan abin da ya kawar wa kai.

Wasu kuma sun ce labarin da aka san ƙarshensa ba shi da armashi, tunda dole Gordon ya gaza kafin Batman ya zo, kuma ƙarshen yana ɗaukaka mai ɗaukar doka a hannunsa. Amma gazawar Gordon ita ce labarin, kuma shirin bai sassauta masa ba. Mutumin da ya ƙi kashe Cobblepot a kashi na farko shi ne ya harbe Magajin Gari Theo Galavan a zango na biyu, bayan ya ga kotu ta sake shi, ya kuma yi ƙarya a gaban masu bincike. Mai kallo yana ganin abin da tsallake doka ke ci a jikin mai gaskiya tun kafin Bruce ya zaɓi hanyar. A ƙarshen zango na huɗu aka tarwatsa gadoji, a na biyar gwamnati ta janye hannu daga birnin, dabarar da aka aro daga labarin No Man's Land na 1999. Kashi na 100, wanda aka nuna ranar 25 ga Afrilun 2019, ya tsallaka shekara goma, kuma sai a daƙiƙun ƙarshe aka ga Batman sosai. Wanda ya bi shirin tun farko yana kallon wannan fitowa a matsayin shaidar abin da birnin ya rasa.

Akwai wani asalin da shirin ya taimaka aka gyara, na gaske ba na almara ba. Shekaru da dama sunan Bob Kane kaɗai ake rubutawa a matsayin wanda ya ƙirƙiri Batman, saboda yarjejeniyar da ya ƙulla da kamfanin. Bill Finger, wanda ya rubuta labarin kisan iyayen, ya raɗa sunan Bruce Wayne da na birnin, ya ba da shawarar sifar kayan jarumin, ya rasu a 1974 cikin talauci. Bayan binciken marubuci Marc Tyler Nobleman da fafutukar jikar Finger, Athena, DC ta sanar a Satumban 2015 cewa za a riƙa sa sunansa, kuma zango na biyu na Gotham yana cikin wuraren farko da sunan ya bayyana. Tun daga nan labaran duniyar Batman da babu jarumin a ciki sun daina zama abin mamaki: Heller ya yi Pennyworth a kan ƙuruciyar Alfred, mai yi wa Bruce hidima, daga 2019, fim ɗin Joker ya fito a shekarar, a 2024 kuma tashar HBO ta nuna The Penguin, kashi takwas a kan rikicin gadon Falcone, Colin Farrell a kan gaba, Batman bai fito ko sau ɗaya ba.