Buɗaina da ƙarancin haskenta: amsa ga masu cewa lissafin taurari aro ne kawai

Cewa taurari 28, wato masaukan wata, da malaman Kano ke ƙirga shekara da su daga Larabawa suka zo, wannan ba abin jayayya ba ne. Masani Hiskett (1967) ya yi bayani, sunayen ma sun isa shaida. Inda na ja daga shi ne abin da wani abokin aiki ya ɗora a kai: wai lissafin bai taɓa fita daga zauren malam ba, tunda Bahaushe masu haske kaɗai ya raɗa wa suna, irin su Zara da Gamzaki da Kaza da 'ya'yanta. Babbar hujjarsa Buɗaina, ɗaya daga cikin 28 ɗin. Ya ce a hau Dala, a kawo manomi ɗaya da zai nuna ta da yatsa.

Gaskiyarsa, Buɗaina dishi-dishi take. Tauraron da ya gaji wannan suna a wurin masana na yau, Delta Arietis, ƙato ne mai ruwan lemo, ya ninka rana faɗi wajen sau 10, amma nisan kimanin shekarun haske 170 ya mai da shi ɗigo. Da fitilun birni da hazon hunturu, sai mai kaifin ido.

To amma ƙarancin haske shaidar aro ne? A duba Sin. Su ma masaukan wata 28 gare su, an ga sunayensu a murfin wani akwati cikin kabarin basarake Yi na Zeng, na wajen shekara ta 433 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Masanan taurarinsu mutane ne da fada ta ajiye musamman don duban sama dare da dare. Duk da haka, a yankin saman da Buɗaina take ƙananan taurari uku suka ɗauka, suka kira su Wei, wato tumbi, ɗayansu ma, 39 Arietis, wani ƙaton ne maras haske. Shi kuwa Delta suka sa shi cikin ƙaramin rukunin Tianyin, a yankin Mao, Kazarmu ke nan.  Dalili kuwa, wata yana kewaya sama cikin kwana 27 da ɗoriya, kowane dare yana bukatar alama a hanyarsa. Gurbi ake nema, ba haske ba. Shi ya sa Suhailu, duk da ƙyallinsa, Larabawa ba su sa shi cikin 28 ɗin ba.

A nan dole in taƙaita da'awata. Ban ce manomin Kano yana ganin Buɗaina ba. Kwanakinta 13 a bazara suke, gabanin Surayya (wato Kaza), lokacin da take fitowa dab da rana. Da asuba ko a Makka ganinta sai an yi da gaske. Ashe gwajin nuni da yatsa, in an bi shi, Balaraben ma zai faɗi. Abin da nake jin hujja ta ɗauka shi ne: ilimin ƙirge ne tun asali, kuma ƙirge yana zama na mutane ranar da suka rataya aikinsu a kansa. Dattijon da ya aika a tambayo malam ko wane tauraro ake ciki kafin ya fitar da iri, ya san saura kwana nawa tauraruwar Haƙ'a ta kama, ko da bai taɓa ɗaga kai ya nemi Buɗaina ba.